Yadda Ake Gano Ƙwayar Kwalara a Ruwan Sha

Idan damina ta yi nisa, kogi ya cika ya malale fadamun Argungu da Birnin Kebbi, ambaliya takan kwashi bayan gida ta zuba a rijiyoyin da ba su da murfi. Bayan kwana biyu za ka ga ruwan ya kwanta garau, amma ido ba ya ganin ƙwayoyin cuta. Cokali ɗaya na ruwan kogi yana ɗauke da dubban ƙwayoyin bakteriya. Yawancinsu ba sa cutarwa, don haka aikin ɗakin gwaji shi ne tsamo miyagun cikinsu.

Da farko ana tace mililita 100 na ruwan, a ɗora matatar a farantin da aka zuba wa abincin ƙwayoyin, a sa a akwati mai ɗumi ya kwana. Kowace ƙwaya za ta hayayyafa har ta zama ɗigon da ake iya ƙirgawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya a wannan awo, domin samunta shaida ce cewa bayan gida ya shiga ruwan.

Idan kwalara ake zargi, sai a shafa samfurin a faranti na musamman mai suna TCBS, wanda ke danne yawancin sauran ƙwayoyi. Cikin awa 18 zuwa 24, ƙwayar kwalara za ta fito ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa, sannan a tabbatar da nau'inta, a gwada maganin da ke kashe ta. Tun a 1884 Robert Koch ya gano ta a wani tafki da mutane ke sha a Kalkata ta Indiya.

Haka ake gwada bayan gidan majiyyaci. Idan likita ya nema, ka kai shi da wuri a kwalbar da aka ba ka, kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, saboda maganin yana hana su tsirowa.

Sakamako yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, kwalara kuwa tana iya kisa cikin awoyi. Da zarar ka ga zawo tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, fara ba da ruwan gishiri da sukari, ka garzaya asibiti. Ruwan sha kuma, a tafasa shi ko a sa masa kulorin.