Leda na kashe mana bisashe, ga kaba a bakin Gulbi

Duk wanda ya ci kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ya san yadda fili ke kwana: baƙar leda ko'ina, iska ta kwashe ta ta rataya a kan ƙaya, sauran ta bi taki zuwa gonakinmu.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bisashe. Da rani, in haki ya ƙare, akuya na haɗiye ledar da ke ƙanshin mai ko gishiri. Ba ta narkewa. Sai ta dunƙule cikin tumbi, dabba ta yi ta ramewa, ciki a kumbure, mai ita na ta sayen magani a banza. Ku tambayi mahauta.

Doka kam akwai: tun 5 ga Nuwamban 2014 Nijar ta hana ƙerawa, shigowa da sayar da leda maras kauri. Amma har yau ko magi na dala biyar ka saya, a leda za a miƙo maka, mu kuma mu amsa.

Alhali Gulbin Kaba daga kabar goriba ya samo suna, matanmu na saƙa kwando da ita. A ɗauko shi ran kasuwa, mai da fura a zo da kwano. 'Yan ci-rani, in za ku aiko tsaraba, ku haɗo wa inna da jakar yadi.