Maamobi: Kafin Ka Ɗauke Akwatin Intanet Daga Ɗakin Mma Zuwa Falo

Ranar da masu haɗa intanet suka zo gidanmu a Maamobi, babu wanda ya tsaya ya tambaye su inda za su kafa akwatin. Sun dubi turken wutar da ke bakin lungu, suka dubi tagar da ta fi kusa da shi, suka huda bango. Tagar kuwa ta ɗakin Mma ce. Kafin la'asar an gama, korayen fitilu sun kama, kowa na murna.

Murnar ba ta kai wata guda ba. Da an idar da sallar isha'i, sai ka ga samarin gida sun jeru a ƙofar tsohuwa kamar masu jiran koko da safe, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. In intanet ta tsaya da tsakar dare, dole a ƙwanƙwasa mata ƙofa don a kashe akwatin a sake kunnawa. Matar yayana kuwa, da ke tallar abaya da turare a WhatsApp, ɗakinta na can ƙuryar gida, hoto ɗaya sai ya yi ta juyawa har mai saye ya gaji. Ran nan Mma ta yanke hukunci: "Ku zo ku kwashe abinku. Ɗakina ba bes ba ne."

Muka buga wa yayanmu da ke Bronx a Amurka, tunda shi ke biyan kuɗin wata. Ya yi dariya ya ce, "Kai, wannan ma har abin magana ne? Kwance shi ka ɗaura a bangon falo." Shi a can gaskiyarsa ya faɗa. Gidaje da yawa a Amurka intanet ɗinsu ta cikin kebul ɗin talabijin take shigowa, kuma sau da yawa akwai bakinsa a ɗaki fiye da ɗaya. Mu a nan Ankara ba haka abin yake ba, kuma sai da muka yi asara muka gane.

Ba duk akwati ne ɗaya ba

Abu na farko, duba bayan akwatinka ka ga me ya shiga cikinsa. A zangonninmu iri uku aka fi gani.

Na farko mai siyim, irin TurboNet na MTN da makamantansa. Wannan babu igiyar da ta ɗaure shi sai ta wuta. Ka ɗauke shi ka kai duk ɗakin da kake so, amma ka sani daga eriyar kamfani yake karɓar sigina, don haka kusa da taga ya fi masa. In ka tura shi ɗakin tsakiya mara taga, wayarka za ta nuna waifai ya cika, amma bidiyo ya ƙi tafiya.

Na biyu tsohon layin tarho na jan ƙarfe, gadon zamanin Ghana Telecom, kamfanin da Vodafone ya sayi kashi 70 cikin ɗari nasa a 2008, wanda tun 2024 ya koma Telecel. Wannan ana iya ƙara masa tsawo, sai dai duk ƙulli da haɗin da aka yi barkatai yana rage masa ƙarfi.

Na uku shi ne faiba, wanda yake ta yaɗuwa yanzu, kuma shi ne namu. Daga waje kamar kowace siririyar waya, amma cikinsa zaren gilashi ne mai kaurin gashin kai, haske ne ke gudu a ciki ba lantarki ba. Ba a murɗa shi a naɗe da salatif kamar wayar fanka. In ya karye, sai an zo da na'urar da ke narka bakin gilashin biyu ta haɗe su, ko a sa masa sabon kai.

Ƙanena bai san haka ba. Ya ɗauko filaya ya ciccire ƙusoshin da suka riƙe igiyar, ya ja ta, ya lanƙwasa ta a kusurwar ƙofa don ta isa falo. Nan take wata fitila mai suna LOS ta fara kiftawa da ja. Ma'anarta hasken ya daina isowa. Kwana biyar muka yi a duhun intanet kafin ma'aikaci ya zo, muka kuma biya kuɗin gyara. Abin takaicin, makon nan ne ake duba makarantar da aka tura yaran da suka rubuta BECE, sai da muka koma sayen data a waya. Gaggawa dai aikin shaiɗan.

Gargaɗi biyu a nan. Kada kowa, musamman yara, ya leƙa bakin faiba da ido don ya ga ko akwai haske. Hasken ba ya ganuwa, amma yana iya cutar da ido. Sannan wannan kebul mai kauri da ya sauko daga dish ɗin talabijin, ko da bakinsa ya yi kama da abin da ɗan'uwanka na Amurka ke kwatantawa, ba na intanet ba ne.

Bangon bulo, rufin kwano

Kafin ka wahalar da kanka, tambayi kanka me ya sa kake son ɗauke shi. In saboda sigina ba ya kaiwa wani ɗaki ne, to laifin ginin ne, ba na kamfani ba.

Dubi yadda gidajen Maamobi da Nima suke: ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida, bangon bulon siminti, rufin kwano, tagogi da ƙarfen hana ɓarayi, ga tankin ruwa a tsakiya. Waifai igiyar rediyo ce mara ƙarfi. Kowane bango yana cinye wani abu daga cikinta, ƙarfe yana mayar da ita baya, ruwa kuma yana shanye ta. Firij, madubin wadrof, ƙofar ƙarfe, duk maƙiyanta ne. Mu kuma al'adarmu sai mu ɓoye akwatin a bayan talabijin, ko Hajiya ta lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura. Zafi ya kama shi, sigina ya shaƙe.

Yawancin sababbin akwatunan suna ba da layi biyu, 2.4 da 5. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma a nan ne kowa yake. Buɗe wayarka a kowane lungu tsakanin babbar gota da titin Nima, za ka ga sunayen waifai sun yi jerin gwano, duk suna ihu a kan juna kamar lasifikokin ranar suna. Na 5 ya fi gudu kuma babu cunkoso sosai, sai dai bango biyu sun ishe shi. Wanda ke ɗaki ɗaya da akwatin ya hau 5, na nesa ya riƙe 2.4. Wanda ya iya shiga saitin kuma, ya gwada tasha ta 1, ta 6 ko ta 11 a layin 2.4, su ne ba sa hawa kan juna.

Wani lokaci ma ba sai an canza ɗaki ba. Ɗaga akwatin daga ƙasa zuwa saman kai, a fili, yana kallon tsakar gida, ya isa ya gyara rabin matsalar.

Mai gida, mita da maƙwabta

A Turai mai son ɗauke modem da kamfani kawai zai yi magana. A zango kuwa, kafin kamfani akwai mai gida. Mafi yawanmu haya muke, wasu kuma gidan gado ne mai magada goma. Huda bango ko bin jikin ginin wani da ƙusa ba tare da izini ba, ƙaramin abu ne da ke iya kai mutane gaban liman ko sarkin unguwa, wani lokaci har ofishin Rent Control. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba na fiye da wata shida, amma kowa ya san shekara biyu ake nema. Wanda ya tara wannan kuɗi da gumi bai kamata ya ɓata da mai gida a kan rami ɗaya a bango ba. Je ka gaishe shi, ka ce, "Alhaji, ga abin da nake so in yi," ka nuna masa hanyar da igiyar za ta bi. Sau da yawa abin da zai roƙa bai wuce a ba jikansa faswod ba.

Sai maganar wuta. A gidan da ake karo-karo a biya intanet, ɗakin da akwatin ya koma, mitarsa ce za ta riƙa ci. Wutar da yake sha ba ta wuce ta ƙaramin ƙwan fitila ba, amma ranar da kuɗin mitar mai ɗakin ya ƙare, ko ya kulle ƙofa ya tafi Kumasi ta'aziyya, duk gida ya shiga uku. A yi wannan magana tun kafin a taɓa ƙusa.

Akwai wata ƙaramar na'ura da ake sayarwa mai tura intanet ta cikin wayoyin lantarkin gida. A gida mai mita ɗaya takan yi aiki. A gidan haya da kowane ɗaki ke da mitarsa, kada ka dogara da ita.

Abu mafi nauyi a wurinmu kuwa shi ne sirrin ɗaki. Akwatin da mutum goma ke amfani da shi bai dace da ɗakin tsohuwa ba, balle ɗakin matar aure. Addininmu ya koya mana neman izini kafin shiga ɗakin wani, har da lokutan da yaran gida ma sai sun yi sallama. Ba daidai ba ne wata 'yar fitila mai kiftawa ta zama dalilin da samari za su riƙa kutsawa inda bai kamata ba. Falo, baranda mai rufi ko zaure mai kulle, nan ne muhallinsa.

Bar shi inda yake, ka kai masa ƙane

Da ma'aikacin ya gama haɗa gilashinmu, shi ya ba mu shawarar da ta raba gardama. Hanya biyu ce. Ko dai a kira kamfani su zo su sake jan faiba zuwa sabon ɗakin, su ne masu kayan aikin kuma yawanci akwatin a ƙarƙashin sharaɗinsu yake. Ko kuma a bar akwatin inda yake, a ja kebul ɗin LAN daga bayansa zuwa inda ake so, a sa rawuta ta biyu a can.

Ta biyun muka bi. Kebul ɗin LAN na jan ƙarfe ne, yana jure lanƙwasa daidai gwargwado, kuma yana kai mita 100 ba tare da gudunsa ya ragu ba. Babu gidan da ya kai haka a Maamobi. Ana samunsa a shagunan kayan waya da kwamfuta na Circle, wajen Tip Toe Lane. Nemi Cat6, ka auna hanyar da igiya tun daga gida, ka ƙara 'yan mitoci, ka sa a matse maka kawunan a gwada a gabanka. In zai ratsa tsakar gida, a sa shi cikin bututun roba ko a sayi wanda aka yi don waje, saboda rana da ɓera. Kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta.

Ita kuwa 'yar na'urar da ake maƙalawa a soket ta kamo sigina ta maimaita, ta fi arha da sauƙi, amma abin da ta samu shi take rabawa. In ka sa ta a ɗakin da sigina ya riga ya mutu, gawa za ta maimaita. Tsakiyar hanya ake sa ta, kuma irin masu arhar sukan rage gudun kusan rabi.

Dumso da damina

Wanda ya rayu a Ankara a 2015 ba sai an ba shi labarin dumso ba, kuma har yau wuta takan yi wasa. Sabon wurin ya kasance da soket nasa mai kyau, ba jerin haɗe-haɗen da firij da dutsen guga ke kai ba. Yawancin akwatunan nan volt 12 suke amfani da shi, akwai kuma ƙaramin batir da ake sa musu ya riƙe su sa'o'i in an ɗauke wuta. Duba rubutun da ke jikin cajar kafin ka saya. In hadari ya taso da tsawa, cire filogi ba tsoro ba ne, hankali ne.

Ruwa ma haka. Gidajen da ke gangaren gota sun san abin da ruwan Mayu da Yuni ke yi. A kafa akwatin sama a bango, nesa da inda kwano ke yoyo. Inda igiya ta shigo daga waje, a bar ta ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau ta shiga ramin, don ruwa ya ɗige a waje maimakon ya biyo ta cikin ɗaki.

Kuma ba kowace tsayawa ce laifin ɗaki ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, da manyan igiyoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala, Gana da maƙwabtanta duk sun ji a jika. Ranar nan ko a kan rufi ka ɗora akwatinka, babu abin da zai canza. Kafin ka ɗauko filaya, leƙa ka tambayi maƙwabci ko nasa na yi.

Yau a gidanmu tsohon akwatin na nan a saman tagar Mma, an kashe masa waifai, ba mai taɓa shi. Wani shuɗin kebul ya bi ta ƙarƙashin rufin baranda ya sauka a falo. Matar yayana na tura hotunan abayarta daga bakin ƙofarta, samari sun koma benci a tsakar gida. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Mma kan fito falo da kanta, ta gyara mayafi, ta ce a kira mata na Bronx ta ga jikokinta. In hoton ya tsaya ko na daƙiƙa biyu ne, sai ta juyo ta harari ƙanena: "Kai, ba dai ka sake taɓa igiyar nan ba?"