Tashin Ofis: Yadda A Ke Ɗaukar Fayafayan Kwamfuta

A zamanin En'e, in ofishin Hakimi zai tashi daga wannan gini zuwa wancan, aikin bai wuce a ɗaure littattafan haraji da na jangali, a aza wa 'yan dako ba. Ko littafi ya faɗi ƙasa, sai a kakkaɓe shi a wuce. Yanzu kuwa ofisoshi da yawa sun koma ajiye lissafin albashi da takardun filaye a cikin kwamfuta, ita kuwa ba ta jimre wa irin wannan ɗauka. Saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu na ƙasar Daura, watau Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, su san abin da ke cikin akwatin tun kafin ranar tashi.

Abin da ke riƙe rubutun ana kiransa faifan ajiya. Kamfanin IBM na Amurka ya fara fito da shi a 1956. Cikinsa akwai faranti mai juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, da wata allura da ke shawagi a kansa ba ta taɓa shi, tsakaninsu kuwa ko kusa bai kai kaurin silin gashi ba. In aka buga akwatin yana aiki, allura ta karci faranti, abin da ke rubuce a wurin ya tafi ke nan. Akwai sabon iri marar faranti, wanda bai damu da girgiza sosai ba, amma manyan ma'ajiyai har yanzu galibi masu faranti ne.

Babbar kwamfutar ofis ta kan haɗa fayafayai uku, ko huɗu, ko fiye, su yi aiki kamar guda ɗaya. Sunan wannan shiri RAID, waɗansu masana na Jami'ar Kalifoniya a Bakale ne suka bayyana shi a 1988. Misalinsa ga malamin da ya saba da lissafi shi ne: faifai na fari ya riƙe 7, na biyu ya riƙe 5, na uku ya riƙe jimlarsu, 12. In na biyu ya mutu, a ɗebe 7 daga 12, an sami 5. In biyu suka mutu tare, ba malamin da zai iya fitar da amsa. Haka irin da a ke kira RAID 5 ya ke: yana ɗaukar hasarar faifai ɗaya tak. RAID 6 yana ɗaukar biyu, RAID 0 kuwa ko ɗaya ba ya ɗauka. A nan ne mutane ke ruɗuwa, su ɗauka tun da fayafayan suna da yawa ai an tsira. Alhali kuwa a akwati ɗaya su ke, ramin da mota ta faɗa duka ya girgiza su.

Don haka aikin fari shi ne a kwafe komai a wani faifai dabam, a buɗe kwafin a tabbata yana karantuwa, sa'an nan a ba wani amintacce ya tafi da shi a wata mota. Ofishin da bai yi wannan ba bai shirya tashi ba, ko da an gama ɗaure kujeru. A duba kuma ko akwai faifan da fitilarsa ke nuna ciwo. In akwai, a canja shi, a jira na'ura ta gama cike sabon, domin marar lafiya shi ya kan fara mutuwa a hanya.

Bayan wannan sai alama. Malamanmu masu littattafan rubutun hannu, waɗanda warƙoƙinsu ba ɗinki, su kan rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta, don ko iska ta watsa su a iya jera su. To, haka za a yi wa fayafayai. A manna wa ko wanne takarda da lambar raminsa, 1, 2, 3, a yi wa wayoyi haka, a ɗauki hoton bayan akwatin, a kuma rubuta jerin a littafin ofis. Na'urorin yanzu da yawa su kan gane jerinsu da kansu, amma ba duka ba, kuma ranar tashi ba ranar gwaji ba ce.

A kashe kwamfuta ta hanyar da aka saba, kada a fizge waya, gama akwai rubutun da ta ke riƙe da shi bai sauka a faifai ba tukuna. A jira farantai su tsaya cik. In tashin cikin gari ne, a bar fayafayan a ramukansu, mutum biyu su ɗauki akwatin. In tafiyar mai nisa ce, kamar Daura zuwa Katsina, kimanin mil 50, ko hanyar ƙauye mai gargada, gara a zare su, a sa ko wanne a jakarsa ta musamman mai hana tartsatsin lantarki, a naɗe da soso, a ɗora a kujerar mota. Kada a sa su a but, balle bayan babur. Da hunturu, sa'ad da riga ke tartsatsi in an tuɓe ta, lalle mai zarewa ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa faifai. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Daura kan wuce digiri 40, kada a bar su a rufaffiyar mota a rana don direba ya tsaya cin abinci.

In an isa, a bar kayan su yi 'yan sa'o'i a ɗakin, a share ƙura, a mai da ko wane faifai raminsa. A gwada wutar sabon gini da wani abu mai araha tukuna, musamman in ta janareta ce. In an kunna, na'ura ta ce ba ta gane jerin ba, ta nemi izinin shirya fayafayan sabo, kada malami ya amsa mata, domin wannan izini shi ne na shafe abin da ke ciki. Ya kashe ta, ya sanar da Hakimi, a kira masani. Kwafin nan kuma a kulle shi a wani gini dabam, kada a shafe shi don an ga aiki ya kankama.