Auren bishiya da rainon tsiro a kwalba: Yadda manoman Ungogo za su ci moriyar ƙananan gonakinsu

A shekarar 1965, masana yanayin ƙasa biyu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Michael Mortimore da J. Wilson, suka fitar da rahoton binciken da suka yi a gundumar Ungogo kan yadda jama'a ke rayuwa da noma a karkarar da ke kewaye da birnin Kano.

Yankin ya yi suna wajen masana saboda manomansa suna nome gona ɗaya duk shekara ba tare da barin ta ta huta ba. Suna ciyar da ita da takin gida da wanda ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna, kuma ba sa raba ta da itatuwa irin su ɗorawa da tsamiya da kuka da mangwaro.

Yau gonakin sun ƙara matsewa. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Ungogo na da mutum sama da 360,000, kuma tun daga lokacin birni yake ta cin gona. Rijiyar Zaki da Bachirawa sun zama unguwanni, ana ta yanka fuloti ta wajen Panisau da Rangaza, rabon gado kuma na ƙara tsattsaga abin da ya rage.

Manomin da gonarsa ba za ta ɗauki fiye da bishiya biyar ko shida ba, ba shi da wurin yin caca. In ya dasa mangwaron da bai san asalinsa ba, sai bayan shekara shida ko bakwai zai gane ko ya dace ko ya yi asara.

Me ya sa ƙwallo ke yaudara?

Mutum kan sha mangwaro mai daɗi ya ajiye ƙwallon ya shuka, yana sa ran samun irinsa. Ga wasu nau'o'in gida hakan na yiwuwa, domin ƙwallonsu na fitar da tsiro fiye da ɗaya, kuma akasarin tsiron kan ɗauko uwar sak.

Amma nau'o'in da kasuwa ke so, kamar Juli da Kent da Keitt, ƙwallonsu tsiro ɗaya yake yi, wanda ya gaji uwa ya kuma gaji bishiyar da ƙwari suka ɗauko garin furenta. Abin da zai haifa na iya zama ƙanana, masu zare, ko masu tsami.

Maganin wannan shi ne abin da masu lambu ke kira aure. Ana rainon ƙwallon mangwaron gida a leda har kaurinsa ya kai na fensir. Sai a yanke kansa, a tsaga shi kaɗan, a fiƙe reshen da aka yanko daga bishiyar da ake so, a cusa a tsagar, a ɗaure da leda tam.

Sirrin aikin yana ƙarƙashin ɓawo. Akwai wani siririn ɓangare mai danshi tsakanin ɓawo da itace, wanda shi ne ke girma. Sai na gindin da na reshen sun haɗu sannan auren zai kama. Shi ya sa ake son wuƙa ko reza mai kaifi da tsabta, kuma aikin ya fi kyau da damina, ba lokacin hunturu da iska ke busar da reshe ba.

In ya kama, cikin mako uku zuwa huɗu za a ga sabon toho. Gindin gida ne ke jure fari da yanayin ƙasar, reshen kuma ya kawo 'ya'yan da aka zaɓa. Mangwaro mai aure kan fara haihuwa cikin shekara uku zuwa huɗu.

Aure na da iyaka. Mangwaro sai da mangwaro, lemo sai da dangin lemo. Ba a aurar da mangwaro a kan darbejiya.

Tsohuwar bishiya ma na yin aure

Manomin da ke da tsohon mangwaro marar daraja ba sai ya tumɓuke shi ba. Ana iya sassare rassansa, a jira ya yi sabon toho, a aura masa reshen nau'i mai kyau. Da yake saiwarsa ta riga ta yi nisa, yakan koma haihuwa cikin shekara biyu zuwa uku.

Haka aka yi da magarya a Jamhuriyar Nijar. A cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadoré, kudu da Yamai, an aura rassan magaryar Indiya irin su Gola a kan magaryar daji. 'Ya'yan da suka fito sun ninka na gida girma sau da yawa, har ake kiran su tuffar Sahel. Magarya dai ba baƙuwa ba ce a gonakin arewacin Kano.

Inda wuƙa ba ta aiki

Dabino da ayaba da rake ba su da wancan siririn ɓangare na ƙarƙashin ɓawo, don haka auren da aka saba ba ya yi musu.

Matsalar ta fi tsanani ga dabino, wanda ke da namiji da mace. In aka shuka ƙwallo, kusan rabin abin da zai fito maza ne da ba sa haihuwa, kuma ba a ganewa sai ya yi fure bayan shekaru. Hanyar gargajiya ita ce cire 'ya'yan da ke tsirowa a gindin macen da aka sani, sai dai kaɗan take yi a rayuwarta.

A nan rainon tsiro a kwalba ya shigo. A ɗakin gwaje-gwaje ake yanko ɗan ƙanƙanin yanki daga zuciyar tsiron, a wanke shi daga ƙwayoyin cuta, a saka a kwalba mai ɗauke da abinci mai kama da kamu, wanda aka haɗa da sukari da gishirin ma'adinai da sinadaran girma. Yankin zai yi ta rassa ana rarrabawa, har a samu ɗaruruwa ko dubbai masu kama da uwarsu.

Masanin tsirrai Gottlieb Haberlandt ne ya fara kawo tunanin a 1902, sannan a 1962 Toshio Murashige da Folke Skoog suka fitar da haɗin abincin da akasarin ɗakunan gwaje-gwaje ke amfani da shi har yanzu. A Kenya, tun ƙarshen shekarun 1990 ƙananan manoma ke dasa ayabar da aka raina ta wannan hanya.

Wannan dabara ba sauya ƙwayar halitta ba ce irin wadda ake ta muhawara a kanta. Ba a ƙara wa tsiron komai daga wata halitta, yawaita shi kawai ake yi.

Sai dai tana buƙatar wutar lantarki da ba ta yankewa da ƙwararrun ma'aikata, shi ya sa dashen ke da tsada. Kuma tsiron da ya fito daga kwalba sai an saba masa da iska da rana a ƙarƙashin rumfa na makonni kafin a kai shi gona. Yana fitowa ba cuta, amma hakan bai hana shi kamuwa daga baya ba.

Ina za a nemi ilimin?

Cibiyoyin ba su yi wa Ungogo nisa ba. Cibiyar binciken kayan lambu da itatuwa ta ƙasa, NIHORT, da aka kafa a 1975, na da reshe a Bagauda. Jami'ar Bayero na da Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan da ke Ƙarancin Ruwa, akwai Kwalejin Noma ta Audu Bako a Dambatta. A maƙwabciya Jigawa, cibiyar bincike ta Kazaure ta daɗe da sanuwa kan rainon tsiro a kwalba, NIFOR kuma na da tashar binciken dabino a Dutse.

Kasuwa ma na kusa. Yawancin lemo da ayabar da ake saukewa a kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa daga nesa ake ɗauko su, har da jihar Benuwai.

Kafin a biya kuɗin dashe

Duk wanda zai sayi dashe mai aure ya duba tabon haɗin a jikin karan, ɗan sama da bakin leda. In babu tabo, babu aure, kome mai sayarwa zai faɗa. Ya kuma tambayi bishiyar da aka yanko reshen, in da hali ya je ya gan ta tana da 'ya'ya.

Wajen dasawa kada a binne mahaɗin. Duk tohon da ya fito daga ƙasan tabon a cire shi, domin na gindin gida ne, in aka bar shi zai danne reshen da aka biya kuɗi dominsa. Furen shekarar farko ma a tsinke shi don bishiyar ta yi ƙarfi, a kuma kange ta daga awaki da rani.

Rainon tsiro a kwalba aikin cibiyoyi ne, manomi sai dai ya saya daga wurin da ya amince. Aure kuwa reza da leda da hannu mai natsuwa kawai yake buƙata, kuma matashin da ya iya shi ya samu sana'ar da za ta yiwu ko a bayan gida.