Layin farko shi ne maganar: yadda za ka rubuta tambaya a amsa maka da wuri

Jama'a, akwai abin da yake jawo mana asara a nan Kudu, kuma gyaransa ba ya cin ko sisi: yadda muke buɗe magana idan mun rubuta tambaya.

Da damina motar shanun Baba ta sauka a Kara, kasuwar da ke bakin titin Legas zuwa Ibadan, sai wani bijimi ya ƙi cin abinci. Yaronmu ya tura wa likitan dabbobi saƙo: "Salam likita, don Allah a taimaka, gaggawa ne." Shi ke nan fa. Likita yana tsakiyar aiki, bai ga abin da zai kama ba, sai da yamma ya kira. Kafin nan bijimin ya kwanta, dole aka yanka aka ba mahauta a farashin da suka ga dama. Ni dai ban ga laifin likita ba, don kowa "gaggawa" yake rubuta masa.

To ya ake yi? Layin farko ya ɗauki abu uku: mene ne, a ina, tun yaushe. Da yaron cewa ya yi, "Bijimi Bunaji a Kara, kwana 2 ba ya ci, yana numfashi da ƙyar," da likita ya san abin da zai sa a jaka tun kafin ya taso. Saƙon waya guda haruffa 160 yake ɗauka, wannan kuwa ko rabi bai kai ba.

Na biyu, faɗi abin da idonka ya gani, ka bar wa mai sani sunan cutar. Dalalar yawu da gyambo a baki da kofato sun fi kama da ɓoru. Tari da wahalar numfashi suna nuna ciwon huhu. Rama a hankali kuma tana iya zama sammore, wanda ƙudan tsando yake yaɗawa. Idan ka rubuta "sammore" alhali huhu ne, kai da kanka ka ɓatar da mai taimakonka.

Na uku, ambaci wuri sosai. "Kasuwar shanu" ba adireshi ba ne: akwai Kara, akwai Akinyele a Ibadan, akwai Lokpanta a Jihar Abiya. Haka "Sabo", garuruwa da yawa a ƙasar Yarbawa suna da ita.

Na huɗu, tambaya ɗaya a saƙo ɗaya. In ka haɗa ciwon saniya da farashin dusa, mai sauƙin za a amsa a manta da ɗayar.

Wani zai ce, ina gaisuwa? Yi sallama mana, amma gajeriya, dogon "ina gida ina iyali" ya biyo baya.

Kuma ba likita kaɗai ba. Takardar ƙorafi zuwa fadar Sarkin Hausawa, sa mata kai: rikicin me, tsakanin su wa, a wace unguwa. Cigiyar da za a karanta a masallaci, fara da shekarun yaron, kayan jikinsa da inda aka gan shi a ƙarshe.

Kafin ka tura, tambayi kanka: wanda bai san ni ba, in layin nan kawai ya karanta, ya san abin da nake nema? In a'a ne, goge ka sake.