YADDA AKE GINA MURHUN BANDA DA KUƊI KAƊAN

Yau mun ɗan jingine maganar farashin hatsi da bisashe, domin mu yi bayani a kan wani abu da ke cinye uwar kuɗin mutane ba su ankara ba, watau ɓacin ɗanyen kaya.

Kowa ya san kifi ba ya jiran mai saye. Wanda anka kamo da asuba a gulbin Gagare ko Bunsuru, ko wanda anka ɗauko daga madatsar Bakalori, in lokacin bazara ne, kafin la'asar ya saki jiki ya soma wari. Sai ka ga mutum yana kiran mai saye yana karya kuɗi da bakinsa. Ƙanƙara kuwa ba ta kowa ba ce, ga wutar lantarki ba ta tsayawa, ga mai ya yi tsada tun da anka cire tallafi a 2023. Kuma ba mu manta da 2021 ba, lokacin da anka rufe kasuwannin mako a jihar Zamfara saboda rashin tsaro. Mai hatsi ya mayar rumbu ya jira. Mai ɗanyen kifi fa, ina zai mayar? To, maganin wannan shi ne banda, kuma murhunta bai fi ƙarfin talaka ba.

ABIN DA BANDA KE YI

Ku sani ɗanyen kifi, wajen kashi uku cikin huɗu na nauyinsa ruwa ne. Cikin wannan ruwa ne ƙwayoyin da ke ruɓar da shi ke rayuwa. Banda aiki uku take yi: zafi ya dafa tsoka ya kashe ƙwayoyin, sa'an nan ya kore ruwan sannu a hankali, hayaƙi kuma ya shafe fatar da abin da ke hana ruɓa. Saboda haka banda ba gashi ba ce. Mai balangu harshen wuta yake nema, mai banda garwashi da hayaƙi da haƙuri. Yadda munka gada, a shimfiɗa kifi bisa itace, a rufe da ciyawa a cinna wuta, shi ya sa bayansa ke ƙonewa cikinsa da sauran danshi, ya farfashe cikin kwando, itace kuma ya tafi a banza. Murhu mai bango shi ke tsare zafin wuri ɗaya.

FASALI NA FARKO: MURHUN DURO

Wanga shi ne na mai farawa. A nemi duron ƙarfe mai cin lita 200. Amma a tambayi abin da anka zuba cikinsa. Wanda ya ɗauki man gyaɗa ko manja shi ne na gaba. Wanda ya ɗauki maganin feshi ko wani sinadari, ko kyauta anka ba ka, bar shi nan. A kai wa mai walda ya yanke sama da ƙasa, kuma in duron ya taɓa ɗaukar fetur ko kananzir, a cika shi da ruwa kafin a sa masa wuta, don tururin da ya saura ciki yana fashewa. Sa'an nan ya yanke ƙofa a gindi, faɗi taki ɗaya da rabi, tsawo taki ɗaya. Ya huda ramuka a jiki don a zura rodi: jeri na farko ƙafa 2 daga ƙasa, na biyu inci 6 bisa na farko, kowane jeri rodi uku. Bisa rodin ake aza raga.

Kafin a sa abinci, a hura wuta mai ƙarfi cikinsa a fili har fentin ya ƙone ya ɓare, a kankare, a wanke. Ragar ma, in irin mai ƙyalli ce ta kejin kaji, a ƙona ta tukuna, a goge, a shafa mata man gyaɗa. A haƙa ɗan rami zurfin taki ɗaya, a kafa duron bisansa, domin wuta ta ƙara nisa da kifi. Murfi kuwa, bakin duron da anka yanke ya isa, ko buhun algarara mai ɗan laima. Wanda ya yaɓe bayan duron da laka, zai ga itacensa ya ƙara auki, don ƙarfe shi kaɗai ba ya riƙe zafi.

FASALI NA BIYU: MURHUN LAKA

Mai kaya da yawa, wanga ya fi masa, kuma ba ya tsatsa. Asalin fasalinsa daga ƙasar Gana ne. A 1969 anka fito da shi a wata unguwar masunta ta birnin Ankara da ake kira Coko, tare da taimakon Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, daga nan ya bazu ƙasashen Afirka ta Yamma. Ba ya bukatar komai sai abin da maginanmu sunka saba da shi.

A kwaɓa jar ƙasa da ramno, a bar ta ta kwana, kamar dai za a yi ginin ɗaki. Amma a kula da inda ake ɗibar ƙasar: kada a ɗauko daga wurin da ake daka ko wanke dutsen zinari. Ba mu manta gubar dalma ta 2010 a yankin Anka da Bukkuyum ba, wadda ta kashe ɗaruruwan yara. A ja bango mai kusurwa huɗu, tsawo ƙafa 7, faɗi ƙafa 3 da rabi, tashi ƙafa 2, kauri inci 6. A raba shi biyu da bango a tsakiya, kowane ɗaki da ƙofar wuta tasa a gaba. Bakin bangon na sama lalle ya daidaita sumul, domin in ya karkace hayaƙi ta nan zai gudu. A bar shi ya bushe sarai, sa'an nan a hura ƙaramar wuta kwana biyu, a lilliƙe inda ya tsage.

Sirrin murhun yana ga faifan katako. Kafinta zai haɗa su daidai girman bakin kowane ɗaki, zurfi inci 3, da raga a gindi da mariƙi gefe biyu. In anka jera su ɗaya bisa ɗaya, su da kansu suke zama bututun hayaƙi, wuta guda ta yi wa faifai biyar ko goma aiki. Mai ƙaramin jari ya fara da uku, in ciniki ya buɗe ya ƙara.

Kowane iri za a yi, a kafa shi a fili, nesa da danni da zana da rumbu, musamman saboda iskar hunturu. Kada a kuskura a hura shi cikin ɗaki rufe, hayaƙin garwashi yana kisa ba a ji ba.

FASALI NA UKU: ITACE

Busasshen itace mai nauyi ake so, irin su ƙirya da marke da bagaruwa, masu barin garwashi mai daɗewa. Mun san shiga daji yanzu ba abin wasa ba ne, ba kuma za mu ce wa kowa ya sayar da ransa don itace ba. To, akwai abin da ke cikin gari. Ƙaura garin gyaɗa ce tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso a 1929, ɓawonta kuwa yana ba da hayaƙi mai kyau. Haka ɓuntun shinkafa, da totuwar masara, da garin katako na wurin masu yanka, in ba na katako mai fenti ko magani ba ne. A barbaɗa su bisa garwashi kaɗan-kaɗan. Abin da ba a sawa ko kusa: taya, roba, leda, tsumma, da itace mai farin ruwa irin su tinya da aguwa da tumfafiya.

FASALI NA HUƊU: AIKIN KANSA

Banda ba ta gyara abin da ya riga ya ɓaci. Kifi mai rai ko sabon kamu ake sawa. A fasa ciki, a cire hanji, a wanke da ruwa mai tsabta. Tarwaɗa a goge santsinta da gishiri ko toka, a naɗe ta a soke, manya a yanka gunduwa-gunduwa. A jiƙa cikin ruwan gishiri, kilo 1 ga lita 10, na minti 20 zuwa 30, a tsane a inuwa. Nama kuwa a cire kitse, a yanka shi sala-sala.

Awa ta farko ƙaramar wuta, murfi a buɗe, don laima ta fita. In an gaggauta a nan fata za ta ƙanƙame ta tsare ruwa ciki. Bayan haka a ƙara wuta awa biyu zuwa uku har ya dahu zuwa ƙashi. Wanda za a sayar gobe ko jibi, a nan ake sauke shi. Wanda za a ajiye ko a kai nesa, sai a janye itace a bar garwashi, a rufe, a ci gaba awa 10 ko fiye, ana juyawa, ana mai da faifan ƙasa sama. Kitse in yana ɗiga cikin wuta yana ta da baƙin hayaƙi mai ɗaci, likitoci kuma sun tabbatar yana ɗauke da abin da ke jawo ciwon daji. Maganinsa a rataya wani falle na ƙarfe tsakanin wuta da raga ya tare shi. Banda mai kyau ja-ja take, mai ƙyalli, in an ƙwanƙwasa ta yi ƙara.

FASALI NA BIYAR: AJIYA DA LISSAFI

A bar ta ta huce sarai kafin a zuba kwando ko kwali. Da zafi cikin leda, gumi za ta yi ta hunhune. Da damina a riƙa mayar da ita murhu duk mako ta sha ɗumi. Wannan shi ne maganin ƙwaro da tsutsa, ba fiya-fiya ko Gamalin ba. Wanda ya fesa wa abinci guba, 'ya'yan mutane ya ba, wata rana kuma nasa ne za su ci.

Ga lissafi. Ɗanyen kifi kilo 30, in ya bushe sosai, abin da zai saura bai wuce kilo 10 ko kusa da haka ba. Ke nan kuɗin banda sai ya ninka na ɗanye sau uku kafin uwar kuɗi ta dawo, ban da itace da gishiri da mota da wahalarka. Saboda haka a sayi kifi lokacin da ya yi yawa, watau sa'ad da ruwa ke janyewa bayan damina, a fitar da shi lokacin da ya yi wuya. Mai nufin kasuwar Shinkafi ta Alhamis ya hura wuta tun Talata, ya sauke Laraba, kaya su kwana su huce. Kuma zubin farko a yi shi kaɗan, a ci a gida, a ba maƙwabta su faɗi gaskiya, kafin a zuba jari duka.

Wanda ya gina nasa, ya aiko mana da labarin yadda ta kaya da abin da ya kashe, domin mu sanar da sauran jama'a.