Me Ya Sa Ya Tsince Kwanson Harsashin?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan wata shari'a ta ƙasar Amurka. Ni manomi ne, ina kuma taɓa 'yar tireda, boko iyakata firamare, amma rediyona ba ya rabuwa da ni. Ranar kasuwarmu gardamar wannan magana ta kusa hana mu ciniki.

A watan Fabrairun 2005, kusa da garin Fabens a jihar Teksas, ma'aikatan tsaron iyaka biyu, Ignacio Ramos da Jose Compean, suka biyo wani ɗan Meksiko mai suna Osvaldo Aldrete-Davila. Ya yar da motarsa ya ranta a na kare, ya nufi kogin da ya raba ƙasashen biyu. Suka buɗe masa wuta, harsashi ɗaya ya same shi a ɗuwawu, amma ya tsallake. A cikin motar aka sami tabar wiwi fiye da kilo 300, wato nauyin buhun masara uku har da ɗoriya.

To jama'a, sai gwamnati ta nemo mai tabar, ta yi masa alkawarin ba za a tuhume shi da wannan kaya ba in ya ba da shaida. A 2006 kotu ta ɗaure Ramos shekara 11, Compean 12. Amurkawa da yawa suka fusata, suka ce ga ƙwaya na shigowa, ga baƙin haure na kwarara, amma mai gadi aka kama, ɓarawo na yawo.

Da farko ni ma haka na ce, wallahi. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne kwanson harsashi. Bayan harbin, Compean ya duƙa ya tsince kwansayen, kuma ba su kai rahoton harbin yadda doka ta ce ba. Sun ce sun ga wani abu na ƙyalli a hannunsa kamar bindiga. To in haka ne, ɓoyon na mene ne? Wanda ya kare ransa ai shi zai fara kiran shugabansa ya zo ya gani. Mutumin nan gudu yake, baya ya ba su. Mu da ke bin hanya da kaya a bayan babur, mun san in ma'aikaci ya saba harbi ya share sawu, gobe ba mai wiwi zai samu ba, mai buhun wake ne.

Amma fa ɗaurin ya yi yawa. Shekara 10 daga ciki wata doka ce ta tilasta, wadda ta shafi aikata laifi da bindiga, alƙali ba shi da ikon ragewa. Ramos har dukan kawo wuƙa fursunoni suka yi masa a kurkuku. Shi kuwa Aldrete ashe bai tuba ba, ya sake shigo da wata tabar, aka ɗaure shi a 2008.

A Janairun 2009, ana gobe zai sauka, Shugaba Bush ya rage musu wa'adi, suka fito bayan shekara biyu. Wannan na yarda da shi. Afuwar gaba ɗaya da Shugaba Trump ya yi musu a Disambar 2020 ce har yau ban gamsu da ita ba.

Naka,
Wani manomi ɗan tireda.